Ɗan Dakon da Na Sallama

Muna cikin azumi sabis ɗin waya ya dawo Potiskum, a tsakiyar Yulin 2013. Ina zaune a ƙofar gidanmu a Dogo Tebo, sai wayar wani maƙwabcinmu, wadda ya daɗe da mayarwa tocila da rediyo, ta yi ƙara a aljihunsa. Ya zaro ta yana kallo kamar an dawo masa da ɗan da ya ɓata. Kafin a sha ruwa unguwa ta ɗauka. Kowa waya a kunne: ana ta'aziyyar rasuwar da aka riga aka yi sadakar bakwai, ana barkar haihuwar da aka riga aka ci suna. Tun da Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Borno, Yobe da Adamawa ranar 14 ga Mayu, aka kuma datse layukan waya 'yan kwanaki bayan nan, kusan wata biyu ke nan muna zaune kamar a cikin tulu.

Kowa murna yake, ni kuwa gabana faɗuwa yake. Na san gobe a ofis duk idanu kaina za su dawo.

A lokacin ina aiki a reshen wani kamfani mai rarraba takin zamani, iri da magungunan dabbobi. Hedkwata na Kano, rassa kuma a garuruwa da dama na Arewa. Namu reshen ba na wasa ba ne, don Potiskum gari ne da dukiya ke kwana a cikinsa: ga kasuwar shanu ta ranar Laraba wadda ake zuwa ci daga nesa, ga kasuwar hatsi, ga tireloli da ba sa ƙirguwa. Ni ne mai kula da kwamfutocin ofis. Difloma ce kawai na yi a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Damaturu, amma daga maigadi har manaja Injiniya suke kira na. Ban taɓa hana su ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa: kwamfutocin tebur shida, laftof ɗin manaja, ƙaramin janareto, da modem mai layin waya wanda duk ofis ke sha daga gare shi. Imel ɗinmu a sabar Exchange 2010 yake, can Kano, mu kuma muna buɗe shi da Outlook. Da aka ɗauke sabis, sai ofis ya koma zamanin takarda da biro. Duk mako manaja kan saka laftof a jaka, ya shiga mota ya nufi Azare, cikin jihar Bauchi inda layi ke aiki, ya kama wuri ya aika abin aikawa, ya kwaso abin da ya taru. A irin wannan tafiya ce ya dawo mana da labarin da ya girgiza ofis: jami'in biyan kuɗi na hedkwata ya rasu bayan gajeriyar jinya, har an naɗa wani a kujerarsa.

Wanda rasuwar ta fi duka shi ne akantanmu, dattijo mai furfura da muke kira Baba Akanta. Shekaru suka yi suna aiki tare da marigayin, kusan kullum sai takarda ta shiga tsakaninsu, alhali haɗuwarsu ido da ido ba ta fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Ranar bai ce komai ba. Ya cire tabarau, ya yi addu'a, ya ci gaba da lissafinsa.

Da sabis ya dawo, abin da ya fi gaggawa shi ne kuɗin direbobi. Tun farkon damina suka kwaso mana taki daga Kano, suka bi shingayen bincike ɗaya bayan ɗaya, suka sauke kaya, amma kuɗin dako bai fito ba. Ƙa'ida ita ce akanta ya haɗa takardun, ya aika wa jami'in biyan kuɗi ta imel ɗin kamfani, shi kuma ya saki kuɗin. Baba Akanta ya haɗa komai tsaf. Ya buga sunan sabon jami'in kamar yadda manaja ya rubuto masa a takarda, Outlook ya ja wa sunan layi a ƙasa alamar ya gane shi, ya aika.

Kwana ɗaya, biyu, har biyar, shiru. Direbobi suka mayar da gindin darbejiyar ƙofar ofis wurin zama. Ga azumi, ga sallah na matsowa, yara na jiran ɗinki. Duk wanda ya fito sai su miƙe: “Oga, yaya dai?” Da manaja ya gaji ya buga wa sabon jami'in waya, sai mutumin ya ce shi kam bai ga ko ƙyallin saƙo daga Potiskum ba.

Aka kira ni. Na buɗe saƙon a cikin waɗanda aka aika, na danna sunan sau biyu, katin mai sunan ya fito. Suna dai shi ne, na farko da na mahaifi, irin sunan nan da kusan kowane gida a Arewa ke da mai shi. Amma wannan wakilin talla ne a wani reshen daban, kuma daga baya muka ji ya tafi hutu. Takardun direbobinmu na can kwance a akwatin takwaran.

Baba Akanta ya dube ni ta saman tabarau. “Injiniya, ni sunan da aka ba ni na rubuta. Wa ya ce ta zaɓar mini?”

Gaskiyarsa ce. Ɗabi'ar Outlook ita ce, in ka buga suna ya duba kundin adireshin da ke hannunsa. In ya tarar da mutum biyu masu sunan, sai ya dakata ya tambaye ka wanne kake nufi. In ɗaya ya tarar, ba ya tambaya. A kundin da ke kwamfutar Baba mutum ɗaya ne mai wannan suna. Sabon jami'in ba ya ciki sam. Marigayin kuwa yana nan daram, da muƙaminsa da lambar ofishinsa.

Ciwon ranar bai yi wuyar magani ba. Na buɗe imel ɗin Baba ta burauza, ta ƙofar da ake kira Outlook Web App, wadda ke leƙa babban kundin da ke saba kai tsaye. Ga sunayen nan biyu, ɗaya bisa ɗaya. Muka zaɓi na gaskiyar, muka aika, manaja ya bi da waya. Kafin mako ya fita direbobi suka watse da fara'a. Na zaci an gama, sai manaja ya kira ni ofishinsa.

“Injiniya, ka kashe wutar yau. Ta gobe fa? Me ya sa tawa ke ganin mutumin, ta Baba ba ta gani?”

Ya juyo mini da laftof ɗinsa. Lallai kuwa, a nasa Outlook ɗin sabon jami'in na nan, marigayin babu shi. Na zaga sauran kwamfutocin shida: dukkansu a tsohon labari suke. Ofis ɗaya, modem ɗaya, kamfani ɗaya, amma kundi iri biyu.

Na kira injiniyan hedkwata, wani Bakano mai saurin magana da son raha. Ban ƙarasa bayani ba ya katse ni. “Malam, ba shi awa 48. Kullum haka muke gaya wa mutane.” Na ce ai wannan ya fi kwana 48. Ya yi dariya, sannan ya zauna ya warware mini abin da ban taɓa natsuwa na fahimta ba, duk da kullum ina tare da shi.

Kundin da kake gani a Outlook, in ji shi, kwafi ne. Tun daga Outlook 2003 aka fito da tsarin ajiye kwafin akwatin saƙo da na kundin adireshi a cikin kwamfutar mutum, don ya iya aiki ko babu intanet, kuma don kada kowa ya riƙa damun saba da tambaya a kan kowane suna. Kwafin kundin shi ake kira OAB, kuma kafin ya iso gare ka sai ya kwana a zango uku. Zangon farko: sabar Exchange 2010, in ba a sauya mata tsari ba, sau ɗaya take buga sabon kundi a rana, ƙarfe 5 na asuba. Wanda aka shigar da sunansa da hantsin Litinin sai asubahin Talata zai shiga bugu. Zango na biyu: sabar da ke raba wa jama'a kan je ɗauko sabon bugun duk bayan minti 480, wato awa 8. Zango na uku: Outlook ɗinka sau ɗaya yake tambaya a awa 24. In rashin sa'a ya haɗu, kowane zango ka iso motar ta tashi, to 24 da 8 da 24, awa 56 ke nan, kuma babu abin da ya lalace.

Ni ɗan Potiskum ne, wannan lissafi bai ba ni wahala ba. Kaya ne aka yi wa lodi a Kano sau ɗaya a rana, suka sauka a tasha suna jiran mota ta biyu, sannan ɗan dako ya turo su ƙofar shago. Kowa da lokacinsa, kuma ba wanda ke jiran wani.

“To amma namu ya wuce wannan lissafin,” na ce.

“Naku dokar ta-ɓaci ce,” in ji shi. Ya ce Outlook ba ya kwaso kundin gaba ɗaya kullum, 'yan canje-canjen da aka samu kawai yake karɓa, saba kuma na ajiye waɗannan canje-canje na kwana 30. Duk kwamfutar da ta wuce haka ba ta leƙo ba, dole ta sauke kundin daga farko. Laftof ɗin manaja na zuwa Azare duk mako, bai taɓa yin nisa ba. Sauran kuwa wata biyu suka yi a duhu, yanzu babban kaya ne a gabansu, ga sabis ɗinmu na rarrafe. “Ka samo musu sabis mai ƙarfi kawai.” Don in samu natsuwa, ya ce bari ya tilasta wa saba ta sake bugu nan take. Na ji ƙarar madannansa, ya karanto mini umarnin, Update-OfflineAddressBook, kamar mai karanta laƙani.

Bayanin ya zauna mini daidai, har ya yi mini daɗi. Laifin na masu datse layi ne, na halin da ƙasa ke ciki ne. Haka na gaya wa manaja, shi ma ya gyaɗa kai. A shekarar nan duk abin da ya lalace a Yobe akwai inda ake jingina shi, kuma ba mai musu.

Kwana biyu na yi ina farautar sabis. Na sayo doguwar waya na rataye modem a ƙusa jikin taga. Na mayar da shi saman katanga, na rufa masa leda saboda ruwan sama. Na hana kowa buɗe Facebook. Na roƙi manaja ya ƙara awa ɗaya ta janareto. A kowace kwamfuta na shiga wurin aikawa da karɓa, na zaɓi sauke kundin adireshi da hannu, na cire alamar da ke cewa canje-canje kawai, don ya kwaso duka. Kowane karo sai ɗan akwati ya ɓullo, ya yi jim, ya jefo wata lamba. Injiniyan Kano ya tambaye ni, “0x8004010F ce?” Wannan ita ce suka saba gani idan Outlook ya rasa inda kundin yake. Na ce a'a, wata ce daban. Ya ce, “Duk ɗaya ne, sabis ne.” Ni ma ban bi ta kanta ba. Wanda ya riga ya kama ɓarawo ba ya tsayawa duba sawu.

Baba Akanta ne ya fara tsinka mini zaren, ba tare da ya sani ba. Yana kallona ina hawa kujera ina sauka, ya ce, “Injiniya, ni dai ban san aikinku ba. Amma saƙo mai ɗauke da hotunan takardu yana fita ta modem ɗin nan, yana shigowa. Sunayen mutane sun fi hoto nauyi ne?”

Na yi shiru. Kamfaninmu ba wani ƙato ba ne, kundinsa bai isa ya gagari modem ba. Na ari laftof ɗin manaja, na haɗa shi da modem ɗin ofis, na ba shi umarnin sauke kundin gaba ɗaya. Kafin in gyara zama ya gama. Na ɗauki modem ɗin manaja, wanda ya sha zuwa Azare, na soka a kwamfutar Baba. Lambar nan ta sake fitowa. Hanya lafiya lau take ashe. Matsalar na cikin gida.

Sai na yi abin da ya kamata in fara da shi tun ranar farko: na nemo inda Outlook ke ajiye fayilolin kundin, masu ƙarewa da .oab, na duba ranar da aka taɓa su ta ƙarshe. Na sa ran ganin tsakiyar Mayu, lokacin da aka datse layi. Abin da na gani Maris ne. Na je ta biyu, Maris. Ta uku, Maris. Duk shidan, mako guda. Wata biyu cur kafin dokar ta-ɓaci kundinmu ya daina motsi, kuma ba wanda ya lura, don mutane ba sa buɗe kundi: haruffa biyu suke bugawa, sunan wanda suka saba da shi ya faɗo, su wuce. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Lokaci ya ƙure, ga dokar hana fitar dare, dole na rufe ofis. An daɗe da hana hawa babur a garin, don haka a ƙafa na taka zuwa gida, ina ta juya abu ɗaya a raina: me ya faru a Maris? Ba a sauya modem ba. Ba a sauya saba ba. Ba wanda ke taɓa kwamfutocin nan sai mutum ɗaya.

Wajen sahur abin ya faɗo mini, ina riƙe da kofin kunu. A Maris ne manaja ya yi ta faɗa cewa datar wata ba ta kaiwa ko rabin wata. Na bincika na gano Windows ce ke sauke sabunta kanta a ɓoye, kwamfuta shida kowace na jan nata. Na kai kuka wurin wani abokina mai shagon buga takardu, ya ce, “Kai ma dai! Shiga jerin ayyukan da ke gudana a bayan fage, ka kashe Windows Update, ka kashe BITS. Su ne ɓarayin data.” Na bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya na kashe. Data ta riƙa kaiwa ƙarshen wata, manaja ya yaba mini a gaban kowa. Laftof ɗinsa kaɗai ya tsira, don a makon yana Kano wurin taro.

Kunun nan ban san yadda na shanye shi ba.

Da safe, kafin kowa ya iso, na nemi ma'anar lambar da na yi kwana biyu ina raina wa, 0x80070422. Ma'anarta a fili take: an kira wani aiki, an tarar an kashe shi. BITS kuwa ɗan dako ne a cikin Windows. Aikinsa ya riƙa jigilar fayiloli a hankali ta bayan fage, yana amfani da rarar hanya, in layi ya yanke ya jira, in ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Windows Update na aikensa, gaskiya ne. Amma Outlook ma, daga na 2007 zuwa sama, shi yake aika ya ɗauko masa kundin adireshi ta yanar gizo. Saƙonni ta wata hanyar suke bi, shi ya sa imel bai taɓa tsayawa ba. Kano na lodi kullum da asuba, tasha na karɓa, kaya na jibge, ni kuwa na sallami mai turo su tun Maris, ina ta zagin hanya.

Na kunna BITS a kwamfutar Baba, na sake ba da umarnin. Babu lamba. Na rufe Outlook na buɗe, na buga sunan nan. Ya dakata, ya tambaye ni: wanne daga cikin biyun?

Na daɗe a zaune a gaban allon. Ba wanda ya san abin da na gano. Ina iya zagawa in kunna sauran biyar, in ce sabis ne ya gyaru, kowa zai yarda, har injiniyan Kano zai ce ai ya faɗa. Abin da ya hana ni shi ne tunanin direbobin nan a gindin darbejiya da bakin azumi, da yadda Baba ya kwana biyar yana zargin kansa da rubuta suna ba daidai ba. Laifi tudu ne, in ji mutane. Na taka nawa na yi kwana biyu ina hango na gwamnati.

Na shiga wurin manaja. “Yallaɓai, na gano matsalar. Ni ne.”

Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya ce, “Datar da ka ceto mana, nawa ce a wata?” Na faɗa. Ya ce, “Direba ɗaya, kwana biyar ba lodi, nawa ya rasa?” Ban amsa ba, shi ma ba amsa yake jira ba. Ya ce in je in rubuta duk abin da na taɓa kashewa ko na sauya a kwamfutocin ofis, da ranar da na yi, da dalili, in kawo masa. Ya ƙara da cewa, “Garin neman gira ka kusa tsone mana ido. Amma da ka ɓoye, da shi ne zan kore ka.”

Abin takaicin, tun farko ba sai na taɓa BITS ba. Da Windows Update kawai na saita ya riƙa tambaya kafin ya sauke komai, da data ta tsira, kundi ma ya tsira. Don in hana baƙo ɗaya shiga, na toshe zauren gida duka. Barin kwamfuta wata da watanni ba sabuntawa ma wata kasada ce da na jefa ofis a ciki ban sani ba. Daga baya muka tsara: rana ɗaya a wata, a sayi data ta musamman, a sabunta su bi da bi. Injiniyan Kano da na gaya masa, sai da ya yi dariya har da tari, sannan ya yi shiru, ya ce bari ya tambayi sauran rassa. Bai taɓa gaya mini abin da ya tarar ba, amma bayan mako guda takarda ta zaga duk kamfani tana hana kashe BITS.

Littafin da manaja ya sa na buɗe, mai bangon kwali irin na 'yan makaranta, shi ne ya zama malamina. A shafin farko na rubuta wa kaina tsarin bincike, kuma har yau da shi nake aiki. In aka ce suna bai fito ba, a fara leƙawa ta burauza: in babu shi a can, maganar ta hedkwata ce, in yana nan, ta hanya ce ko ta gida. A tambayi yaushe aka shigar da shi, don kada a yi ta haƙa alhali lokacinsa ne bai yi ba. A gwada wata kwamfutar a kan layi ɗaya. A duba ranar fayil. A karanta lambar kuskure kafin a yanke hukunci. A ƙasan duka na ja layi biyu na rubuta: me na taɓa?

Saura wutsiya ɗaya. Bayan kundi ya daidaita, mai kula da sito ya kawo ƙara cewa duk saƙon da ya aika wa wata ma'aikaciyar hedkwata dawowa yake, da wani dogon rubutu mai farawa da IMCEAEX. A kundi sunanta na nan lafiya. Ashe an goge akwatinta an sake buɗe mata sabo lokacin da aka sauya mata sashe, shi kuma Outlook, ban da kundi, yana da wata 'yar ma'ajiyar tuni ta kansa, inda yake adana duk wanda ka taɓa aika wa. Ita ce ke jefo maka suna da zarar ka buga harafin farko. A Outlook 2007 fayil ne mai ƙarewa da .nk2. Wannan ma'ajiya ba ruwanta da asubahin Kano. Tsohuwar alamar cikin gida ta tsohon akwatin ta riƙe, take ta aikawa gidan da aka rushe. Maganin a wurinmu shi ne a haska sunan idan ya faɗo, a goge shi, a sake zaɓowa daga kundi. A hedkwata kuma suka liƙa wa sabon akwatin tsohuwar alamar, abin da suke kira adireshin X500, don saƙon masu tsohon tuni ya riƙa isa.

Saboda haka ana jibi sallah na bi tebur-tebur ina share tsofaffin sunaye daga ma'ajiyar tuni: waɗanda suka bar aiki, waɗanda aka sauya wa akwati, da takwaran nan da ya riƙe mana takardu. Na iso teburin Baba Akanta. Na goge biyu, na goge uku. Na buga wani harafi, sai sunan marigayin ya faɗo, shi ne na farko a jeri. A babban kundi an cire shi, a kwafinmu ma tun ranar da na kunna BITS ya fita. Nan ne kaɗai ya rage a duk ofishin.

Na kai yatsa kan madannin gogewa, sai Baba ya dafa mini hannu.

“Bar wannan, Injiniya.”

“Baba, in kuka yi kuskure kuka aika masa, dawowa zai yi.”

“Na sani. Ba aika masa zan yi ba.” Ya gyara tabarau. “Kullum da safe in na zo rubuta wa Kano, shi ke fara fitowa. Sai in ce Allah Ya jiƙansa, in wuce zuwa na ƙasa. In ka goge, wa zai riƙa tuna mini?”

Na janye hannuna. Na buɗe littafina mai bangon kwali, a ƙarƙashin kwamfutar akanta na rubuta ranar, na rubuta: an share tsofaffin sunaye, ban da ɗaya. A gurbin dalili na sa: Baba ya ce a bari.